Minti Ɗaya a Wurin Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurara, in ji ku. To ga ta ta zo, amma ku gyara zama, don wannan ba ta dariya ba ce, ko da yake ba za a rasa abin murmushi a cikinta ba.

An yi wani mutum da kowa ke kira Mai Madubi. Ba madubin duba fuska ba, a'a, madubin hangen nesa, irin wanda ake kafawa a ɗaki mai zagayayyen rufi, rufin ya tsage a tsakiya a leƙa sama. Aikinsa ke nan tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai.

Kuma ba taurari yake dubawa ba, duwatsu ne. Ashe a can sama akwai duwatsu barkatai suna zagaya rana, wani girman gari, wani girman unguwa, ba su da hasken kansu sai wanda rana ta ara musu. Ko a cikin madubin ma ɗigo ne kawai kamar kan allura. Za ku ce, to yaya mutum zai san ɗigo yana juyawa? Ga dabarar. Dutsen ba mulmulalle ba ne, dogo ne kamar gyaɗa a cikin ɓawonta. In ya ba ka gefensa mai faɗi sai haske ya ƙaru, in ya ba ka tsininsa sai ya ragu. A juyi ɗaya haske ya hau sau biyu, ya sauka sau biyu. Ka riƙe agogo ka ƙirga, ka san juyinsa.

Launi kuma da gilashi ake gane shi. A sa jan gilashi a bakin na'ura a auna hasken, a cire a sa shuɗi a sake aunawa. In ja ya rinjayi shuɗi, sai a ce wannan gefen ja-ja ne. Amma awon nan biyu dole a yi su a jere, kamar atishawa da alhamdulillahi, tun dutsen bai gusa ba. Mai Madubi yana kiransu miji da mata. A layi ɗaya yake rubuta su cikin littafinsa, lokaci ma sau ɗaya yake sa musu a farkon layi, kamar yadda malaminsa ya koya masa, tunda canza gilashi bai kai minti ɗaya ba.

Matarsa tela ce, 'ya'yan gidan da na maƙwabta duk Inna suke ce mata. Mace mai barkwanci. In ya ɗauki rigar sanyinsa da yamma zai fita sai ta ce, ba tare da ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba, "A sauka lafiya, maigadi. Allah ya sa kada a sace maka dutsen, don na ji ɓarayi sun sayi tsani."

Shi kuma ya ce, "Ke dai ɗinka abinki."

A bakin keken nan ta faɗi wata safiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi. Likita ya ce za ta rayu, amma a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fata za ta ɓare ta zama gyambo.

Mai Madubi a lokacin yana aiki da babban madubi ne, can kan wani tsauni mai nisa. Ya je wurin shugaban ma'aikatarsu ya roƙa a mayar da shi kan wani tsohon ƙaramin madubi da ke bayan gidajen ma'aikata, wanda kowa ya raina. Daga gadon Inna zuwa gindinsa taku arba'in ne da matakala goma sha biyu. Ƙanwarsa, wadda yara ke kira Gwaggo, mijinta ya daɗe da rasuwa, sai ta tattaro kayanta ta dawo gidan, suka raba jinya.

Dutse ɗaya ne ƙaramin madubin ke kamawa da kyau, ba shi da ko suna sai lamba. Shekara biyu-biyu yake matsowa kusa, ya yi wata biyu ya wuce. Juyinsa awa huɗu. A zuwansa na farko Mai Madubi ya ga abin da ya tashe shi tsaye daga kan kujera: gefen nan biyu masu faɗi ba launinsu ɗaya ba, ɗaya toka-toka, ɗaya ja-ja. Ya sake awo, haka. Ya goge gilashi ya sake, haka. Sai ya raɗa wa dutsen suna Jan Kunci. Mai buga takardu a ofis, da za ta rubuta sunan a bangon fayil, ta sa wa harafin K ƙugiya, ya koma Jan Ƙunci. Zai mayar a gyara, Gwaggo ta ce, "Bar shi haka, Yaya. Yarinyar nan ta fi ka sanin halin da gidan nan ke ciki."

A zuwa na biyu jan ya ƙaru. A na uku ya ƙara ƙaruwa. A cikin zuwa na ukun nan ne Allah ya karɓi ran Inna.

Bayan an share makoki ya zauna ya rubuta abin da ya gano, aka buga a mujallar masana, aka yi ta ambatonsa. Shi ne aiki guda da aka san shi da shi a duk rayuwarsa. Ya sa shafin farko a gilashi ya rataye a bango, daidai saman keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Wani lokaci Gwaggo takan same shi tsaye a wurin, hannu a baya.

"Dare nawa na bar ta tana kallon silin, ni ina can ina gadin dutse," yakan ce. "Amma dai ba a banza ba. Ko ba haka ba?"

"Ba a banza ba, Yaya," in ji Gwaggo. "Zo ka ci abinci."

Da wannan kalmar yake tashi, da ita yake kwana.

To, suna da 'ya, ita ce ƙaramarsu, Auta. Duk shekarun jinyar nan tana jami'a a wani gari, sai hutu take zuwa. Ita kaɗai ta gaji sana'ar uban a cikin 'ya'yan, har Gwaggo na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan barewar da ɗanta duk sama suke kallo, wata rana sai sun faɗa rijiya. Shekara goma bayan rasuwar Inna, Mai Madubi ya riga ya yi ritaya, sai aka ba Auta dare biyu a babban madubin kan tsauni. An sa masa sabuwar na'ura mai raba haske gida biyu, ta auna ja da shuɗi a ƙiftawar ido ɗaya, ba sai an canza gilashi ba. Jan Kunci kuma ya matso. Da ta gaya wa uban a waya sai ya ɗaga murya don murna.

"Ki gaishe min da mutumina! Ki duba min ko ya ƙara ja."

Ta duba. Dare biyu, dutsen ya juya a gabanta ya sake juyawa. Toka ne. Gaba toka, baya toka, ko ɗigon ja babu.

Ta iso gida da azahar, ta same shi a bakin ƙofa ya sa hularsa ta fita unguwa, kamar mai jiran babban baƙo.

"Yaya mutumin?"

"Ana kan lissafi, Baba."

Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba sai ran nan. Ta wuce ɗakin ajiya ta jawo kwalin littattafansa, goma sha huɗu, duk da rubutunsa ƙanana kamar jerin tururuwa. Kwana uku tana ciki. Ba laifinsa take nema ba, nata take nema, don ta fi so a ce ita ce ta yi kuskure. Ta bi lissafinsa, tsaf. Ta ɗauko tsofaffin gilasan a cikin akwatinsu ta gwada, lafiya lau. Juyin dutsen da ya auna da tsohon madubinsa ya yi daidai da nata har daƙiƙa. Mutumin da ya iya wannan, ta ina ja ya shigo masa?

Rana ta uku da hantsi ta fito kicin neman ruwa, Gwaggo na yanka albasa.

"Ke 'yar gidan Yaya, kwana uku kina cikin takardu kamar gara. Miji kike nema a ciki?"

"Gwaggo, bar ni da abin da ya dame ni."

"Dutsen ne ko? Ai ni ma na yi wa dutsen nan bauta, ba a dai sa sunana a takarda ba."

"Wace bauta?"

"Au, ba ki sani ba? Ai shi ne agogonmu." Ta share ido da bayan hannu. "Ubanki ya ce dutsen yana cika haske duk awa biyu, daidai da maganar likita. Sai ya ja waya daga sama har ɗakina, ya sa mata 'yar ƙararrawa. In dutsen ya yi hasken farko, ubanki ya danna, in tashi in juya uwarki. In ya yi na biyu ya bar ni in yi barci, ya sauko da kansa. Ɗaya nawa, ɗaya nasa. Har cewa yake, dutse ya juya, a juya Inna."

Auta ta ajiye kofin a hankali.

"In ya sauko, yana daɗewa?"

"Shi dai kullum cewa yake minti ɗaya. Minti ɗayan ubanki kuwa, sai ki dafa shayi ki sha ki wanke kofi."

Auta ta koma ɗakin ajiya. Ta buɗe littafi na farko ta bi layukan da yatsa. Gefen da ya fito toka, gefen ƙararrawar Gwaggo ne. Gefen da ya fito ja, nasa ne. Ya auna ja, ya sauka wurin matarsa, ya dawo ya auna shuɗi, ya rubuta su a layi ɗaya da lokaci ɗaya. Kafin ya dawo dutsen ya fara ba da tsininsa, haske ya ragu, shuɗin ya fito da rauni. Wanda ya ga ja da ƙarfi, shuɗi da rauni, me zai ce? Sai ya ce dutse ja ne.

Da yake yanzu ta san yadda hasken dutsen ke sauka minti bayan minti, sai ta juya lissafin. Daga yawan shuɗin da ya ɓace a kowane layi, ta fitar da tsawon lokacin da ya yi a ƙasa. Ta cika shafi biyu, hawaye na ɗiga tana matsar da takardar gefe.

Gwaggo ta leƙo ta same ta haka. Da ta ji bayani, sai ta zauna a kan kwali ta yi tagumi.

"Ki rufa masa asiri, Auta. Shekara nawa suka rage masa? Bar shi ya tafi da abinsa."

"Gwaggo, ba ni kaɗai ke da madubi ba. In dutsen ya sake zagayowa wani zai auna, wanda bai san Baba ba, bai san Inna ba. Layi biyu zai rubuta, ya ce tsoho ya yi sakaci."

"To ki jira ya ci abinci."

Da la'asar ta same shi a baranda yana ɗaure ƙafar tabaronsa da zare. Ta durƙusa gefen kujerarsa kamar yadda take yi tana ƙarama.

"An gama lissafin?"

"An gama, Baba."

"To?"

"Toka ne. Ko'ina toka."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da naɗa zaren. "Na'urarku ce. Sababbin kayan nan, a danna nan a danna can, ba mai sanin abin da ke cikinsu."

"Na gwada ta a kan wasu duwatsun, lafiyarta lau."

"To jan ya koɗe. Shekara goma ba kwana goma ba."

"Baba, in tambaye ka. Da me kake gane lokacin juya Inna ya yi?"

Sai a nan ya dube ta. "Wa ya gaya miki wannan? Gwaggonki ba ta iya riƙe magana." Ya ɗan yi murmushi. "Da awon ja mana. In na ga ya daina hawa, na san lokaci ya yi."

"Sai ka sauka."

"Sai in sauka."

"Kafin ka sa shuɗi."

"Minti ɗaya ne, Auta. Taku arba'in, matakala sha biyu. In juya ta, in gyara matashi, in dawo. Ni za ki koya wa lokaci? Ina auna daƙiƙa tun ba a haife ki ba!"

Ta miƙa masa shafukan nan biyu. Ya sa tabaron da zarensa na lilo. Ai ɗan sana'a ba a yi masa dogon bayani. Ya duba layi uku, ya koma sama ya sake dubawa.

"Wannan jerin na ƙarshe fa?"

"Mintocin da ka yi a ƙasa ne. Zuwan farko, shida, bakwai, wani lokaci tara. Zuwa na biyu, sha biyu zuwa sha biyar. Na uku ashirin, ashirin da biyar."

"Ashirin da biyar," ya maimaita.

"Ba dutsen ne ke ƙara ja ba, Baba."

A kicin Gwaggo ta daina motsa tukunya. Can ya fara magana, ba Auta yake kallo ba, bangon gidan maƙwabta yake kallo.

"Da farko juyawa ce kawai. Daga baya ta fara riƙe min hannun riga da hannun nan nata mai lafiya. Ba ta magana, ta dai riƙe. Sai in ce mata minti ɗaya, maigadi zai koma bakin aiki. Sai gefen bakinta ya motsa, dariya ke nan. In shafa mata mai a diddige. In ba ta labarin dutsen, in ce yau ma ba a sace ba. A zuwa na uku ta yi nauyi, jiki ya saki, sai na yi dabara kafin ta juyu. Kuma ba ta son in tafi sai ta yi barci." Ya juyo ya dubi Auta. "Wallahi Auta, ni minti ɗaya na sani."

"Na sani, Baba."

Ya bi shafi na biyu har ƙasa. Layin ƙarshe akwai awon ja, gurbin shuɗi babu komai, gurbin mintoci ma Auta ta bar shi fari. Ya ɗora yatsa a wurin bai tambaya ba, don ya san daren. Ya sauka ya juya ta, bai sake hawa ba.

"Ke nan a banza na bar ta."

"Juyin da ka auna daidai ne, har daƙiƙa. Ba mai taɓa shi."

"Juyi!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kowane ɗan koyo zai auna juyi a mako guda. Wata shida na dare na ɗauka daga hannun matar nan, na kai wa dutse mai launin toka."

Auta ta kama gefen rigarsa, ba ta ma san ta kama ba. Ya dubi hannun nata, ya daɗe yana dubansa.

"In an haɗa duka, nawa ne?"

"Awa hamsin da ɗaya, da 'yan mintoci."

"Kwana biyu da ɗan ɗori." Ya cire tabaron ya riƙe. "Da na san abin da nake aunawa ke nan, da na zauna a wurinta har dutsen nan ya yi ja wur kamar garwashi."

Daga nan ya yi kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Gwaggo ta fito da cokali a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Da ya natsu ya share fuska da hularsa, ya ce, "Ki rubuta."

"Baba, ba sai yanzu ba."

"Yanzu. Ki sa sunana a gaba, naki a baya, kada a ce 'ya ta tona wa ubanta asiri. Ni na yi kuskure, ni zan faɗa. Ki ce duk mai auna launi ya rubuta lokaci sau biyu, na miji daban, na mata daban."

"In faɗi dalilin jinkirin?"

"Ki ce mai awo ya bar madubi. Inda ya je ba ruwansu."

Ya tashi da ƙyar ya shiga ciki. Suka ji ƙarar kujera ana ja, suka bi shi da sauri. Ya hau ya sauko da takardar nan mai gilashi daga bango, ya buɗe bayanta ya zare shafin mujallar ya ba Gwaggo.

"Ga shi, ki kunna wuta da shi."

"Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo, ta ninke ta cusa a ƙugunta.

Ya karɓi shafukan Auta biyu, da tabon hawayenta da komai, ya shimfiɗa su cikin gilashin ya rufe, ya mayar kan ƙusa, saman keken ɗinki.

Takardar gyara ta fito bayan wata takwas, shafi ɗaya da rabi, da sunansa a gaba. Masana suka goge jan daga kundinsu, suka bar awon juyin. Mai Madubi bai sake tambayar dutsen ba, ya rasu kafin ya sake zagayowa, aka binne shi ba nisa da Inna. An kwance ƙaramin madubin, ɗakin ya zama wurin ajiye tsofaffin kujeru. Gwaggo ta koma gidan babban ɗanta da keken ɗinkin da shafin mujallar, tana nan da ranta, sai dai ido ya yi rauni. Auta tana aiki a kan tsauni har yanzu, gilashin nan mai shafi biyu yana rataye a ofishinta, kuma ko da na'ura na sa lokaci da kanta, ita sai ta rubuta da hannu sau biyu. Dutsen yana can yana juyinsa na awa huɗu, launin toka.